Ciwon Daji da Sabon Maganin Feftayid: Gwajin Bayyana Kimiyya Cikin Harshen Hausa

1.0 Gabatarwa

Watakila malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su yi mamakin ganin ɗalibin Hausa ya ɗauko zancen likitoci a wannan mujalla tamu, wadda aka saba cika ta da nazarin waƙa da nahawu da al'ada. Ga dalilina. Shekara uku da suka wuce wata gwaggona, wadda ke aure a wani ƙauye na ƙasar Kudan, ta ji ɗan ƙullutu a mamanta, bai fi girman gujiya ba, ba ya kuma yi mata ciwo. Da aka kawo shawarar kai ta asibiti sai manya suka hana, suka ce daji ne, daji kuwa ba ya son ƙarfe, watau da zarar an yi masa allura ko an sa masa wuƙa sai ya fusata ya bazu. Aka yi ta jiƙe-jiƙe da shafe-shafe har wata 14. Ranar da aka ɗauke ta zuwa asibiti abin ya riga ya fashe, ya kama hammata, ya taɓa huhu. Ba ta ƙara wata uku ba Allah ya yi mata cikawa. A wurin zaman makoki na ji wani dattijo yana cewa, "Ai mun faɗa, allurar nan ce ta ƙarasa ta."

Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan babu ja. Amma tun daga ranar nake tunanin jimlar nan mai kalmomi biyar, daji ba ya son ƙarfe, da irin ƙarfin da take da shi a kan mutanenmu. Magana ce, magana kuwa fagenmu ce. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana, da Hausa tsantsa, wata sabuwar hanya da masana ke gwadawa ta kashe ciwon daji daga cikin ƙwayarsa, sa'an nan a nuna inda aka kwana game da ita, da abin da ya shafi mutanen Ikara da Maƙarfi da Kudan. Na zaɓe ta ne domin magungunanta duka ta bakin allura suke shiga jiki, watau ta ƙofar da al'adarmu ta rufe.

2.0 Sunayen Cutar a Bakin Hausawa

Sunaye uku ne suka fi yawo. Na farko shi ne daji ko ciwon daji. Wasu na ganin sunan ya samo asali ne daga ɗaukar cutar a matsayin abin da ya fito daga jeji, mazaunin iskoki, shi ya sa ake ganin ba ta asibiti ba ce. Na biyu shi ne sankara, wadda asalinta cutar goro ce, kamar yadda ake yi mata kirari da sankara ɓata goro. Wannan suna ya dace ƙwarai, domin goro yakan yi kyau a ido alhali ɓarna na cikinsa. Kada dai a rikita ta da sanƙarau, wanda cuta ce dabam. Na uku shi ne kansa, aro daga Turanci, wanda gidajen rediyo suka yaɗa.

Abin lura a nan shi ne, kalmar daji ta fi abin da likita ke nufi faɗi. A bakin mutanenmu kumburi mai zafi, da gyambon da ya ƙi warkewa, da ƙari mai yaɗuwa, duk ana iya kiransu daji. A shekarar 2007 wasu malaman harhaɗa magunguna na Jami'ar Ahmadu Bello sun wallafa nazari kan yadda masu maganin gargajiya na Hausa da Fulani ke fahimtar wannan ciwo, kuma tun daga kan nazarin sai da suka gwama shi da cututtukan kumburi. Illar wannan faɗi a fili take. Idan kumburin da dama zai warke ya warke bayan an sha sassaƙe, sai a ce ga maganin daji an samu, sai mai ainihin cutar ta dogara da shi. A wannan maƙala duk inda aka ce daji ana nufin wanda likita ya tabbatar bayan ya duba tsokar wurin a madubin ƙara girma.

3.0 Ƙwayar Halitta da Murhunta

Jikin mutum gini ne na ƙananan abubuwa masu rai waɗanda ido ba ya gani, kimanin tiriliyan 30. Su ake kira ƙwayoyin halitta. Baturen Ingila Robert Hooke, wanda ya fara bayyana su a 1665, ya kira su da kalmar da ke nufin ƙananan ɗakuna. Mu ɗauki jiki tamkar gari, kowace ƙwaya kuma gida guda: tana da katanga, watau tantanin da ya kewaye ta, tana da turaka inda ake ajiye bayanan gado, tana kuma da wurin girki.

Wannan wurin girki shi masana ke kira mitokondiriya. Wani Bajamushe, Carl Benda, ya raɗa sunan a 1898 daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin zare da tsaba, saboda siffar da ya gani. Ƙwayar hanta guda takan ƙunshi fiye da 1,000, jajayen ƙwayoyin jini kuwa ba su da ko ɗaya. Aikinsa shi ne ya karɓi abin da aka samu daga abinci, musamman sukarin jini da ake kira gulukos, ya haɗa shi da iskar da muka shaƙa, ya fitar da wani sinadari mai suna ATP wanda shi ne kuɗin cefanen ƙwaya, ba ta motsi sai da shi. Wasu masu fassara sukan ce gidan wuta. Ni dai na fi son murhun ƙwaya, saboda dalili biyu. Na ɗaya, murhu yana bukatar makamashi da iska, haka shi ma. Na biyu, murhun da ke ciyar da gida shi ne kuma kan ƙone gida, kuma za mu ga cewa wannan shi ne ginshiƙin zancen baki ɗaya.

Siffofi biyu na wannan murhu ya kamata mai karatu ya riƙe. Ta farko, cikinsa yana ɗauke da caji irin na kan batir mai alamar ɗebewa, don haka duk abin da ke da caji mai alamar tarawa sai ya janyo shi, kamar yadda maganaɗisu ke jan allura. Tun cikin shekarun 1980 aka lura cewa a ƙwayoyin daji da yawa wannan caji ya fi na lafiyayyun ƙwayoyi ƙarfi. Ta biyu, tantaninsa ya yi kama da na ƙwayoyin cuta na bakteriya. A 1967 wata masaniya Ba'amurkiya, Lynn Margulis, ta kawo hujjoji cewa asalinsa bakteriya ne da ya zauna cikin wata ƙwaya tun zamani mai nisa har ya zama ɗan gida, kuma a yau masana sun karɓi wannan ra'ayi.

4.0 Yadda Daji Ke Ƙin Mutuwa

Ba kowace mutuwar ƙwaya ce asara ba. Kullum biliyoyin ƙwayoyi suna mutuwa a jikin lafiyayyen mutum, wasu na maye gurbinsu. Ɗan tayi a ciki hannunsa kamar faifai yake, sai ƙwayoyin da ke tsakanin yatsu sun mutu sa'an nan yatsun su rabu. A 1972 masana uku a Jami'ar Abadin ta ƙasar Sikotlan, watau Kerr da Wyllie da Currie, suka kira wannan afoftosis, kalmar Girkanci mai nufin zubar ganye daga itace. Duk wanda ya ga kuka a lokacin hunturu ya san zubar ganye ba mutuwar itace ba ce. Na ji wasu suna fassara kalmar da ƙwaya ta kashe kanta. Ban goyi bayan haka ba, domin kashe kai a wurin Bahaushe abin ƙyama ne, alhali wannan aiki ne na lafiya. Mutuwa mai tsari ta fi dacewa.

Umurnin wannan mutuwa daga murhu yake fitowa. A cikinsa akwai wani furotin mai suna saitokurom si, wanda aikinsa na kullum shi ne taimakawa wajen girki. A 1996 Xiaodong Wang da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa idan tantanin murhu ya huje, wannan furotin ya zubo cikin ƙwaya, sai ya tayar da wasu sinadarai masu rushe ta daki-daki. Garwashi ke nan: a cikin murhu amfani, a kan tabarma gobara. Don kada hakan ta faru ba dalili, akwai masu gadin tantanin, babbansu shi ne furotin da ake kira BCL-2. An gano shi a 1984 a wani nau'in dajin jini, a 1988 kuma masana a Melbon ta Ostareliya suka tabbatar cewa aikinsa hana ƙwaya mutuwa ne.

To, ƙwayar daji ita ce wadda bayanan gadonta suka lalace, tana ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, ta kuma ƙi mutuwa lokacin da ya kamata. Ɗaya daga cikin dabarunta shi ne ta tara masu gadi da yawa a bakin murhu. Magungunan daji na asibiti da gashin haske da ake yi sukan lalata bayanan gadon ƙwaya ne, su bar ta ta aika wa murhu saƙon mutuwa. Idan hanyar saƙon ta toshe, sai magani ya daina ci. Daga nan tunani ya zo: me zai hana a tsallake ɗan aike a tafi murhun kai tsaye?

Akwai wani abu kuma da Otto Warburg na Jamus ya lura da shi cikin shekarun 1920. Ƙwayar daji tana zuƙar gulukos fiye da kima, amma maimakon ta ƙone shi duka a murhu ta sami ATP wajen 30, sai ta tsaya a rabin hanya ta sami 2 kacal, ta zubar da saura a matsayin sinadarin nan da ke sa nono tsami. Mutumin Maƙarfi zai gane wannan da sauri: bambanci ne tsakanin injin matse rake na masu mazarƙwaila da yaron da ke tauna gaɓa sau ɗaya ya tofar ya ɗauki wata. Warburg ya zaci murhun daji a mace yake. Bincike na baya ya nuna cewa a yawancin nau'o'in daji murhun yana aiki, ƙwayar kuma ba ta rayuwa sai da shi. Amma fa kada a fahimci cewa shan rake ke kawo daji, ko barin sukari na warkar da shi. Jiki yana ƙera gulukos da kansa ko mutum bai ɗanɗani zaƙi ba.

5.0 Mene Ne Feftayid?

Furotin, wanda ke cikin nama da wake da ƙwai, jeri ne na wasu ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, iri 20. Ga ɗalibin harshe misalin mai sauƙi ne: amino asid haruffa ne, feftayid kalma ce, furotin kuma doguwar jimla. Masana ma da haruffan boko suke rubuta su, kowane amino asid da harafinsa. Jerin da bai wuce haruffa 50 ba galibi shi ake kira feftayid, don haka muna iya cewa gajeren furotin. Kamar yadda rake da kare suke da haruffa iri ɗaya amma ma'ana dabam, haka sauya jeri ke sauya aikin feftayid.

Bajamushe Emil Fischer ne ya ƙirƙiro sunan a farkon ƙarni na 20. A 1963 Bruce Merrifield na Amurka ya fito da hanyar ƙera feftayid harafi bayan harafi a ɗakin gwaji, aikin da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 1984. Tun daga nan masani na iya zama ya tsara kalmar da babu ita a halitta, ya ƙera ta, ya gwada. Abin da ake nufi da ƙerarren feftayid ke nan.

Halittu da yawa suna kare kansu da irin waɗannan gajerun furotin. Dafin ƙudan zuma yana da guda mai haruffa 26. A 1987 Michael Zasloff ya lura cewa wani kwaɗon Afirka da ake yi wa tiyata a ɗakin gwaji, a mayar da shi cikin ruwa mai dauɗa, rauninsa ba ya ruɓewa. Da ya bincika sai ya sami feftayid mai haruffa 23 a fatarsa wanda ke huda tantanin bakteriya. Idan mai karatu ya tuna cewa murhun ƙwaya ɗan'uwan bakteriya ne, ya riga ya hango inda aka dosa: abin da ya huda wancan zai huda wannan, in dai ya sami shiga gidan.

6.0 Jagora da Dafi

A 1996 masana a Jami'ar Jihar Luwiziyana ta Amurka suka tsara wani feftayid mai haruffa 14, watau KLAKLAK sau biyu. Harafin K, wanda ya fito sau 6, yana ɗauke da caji mai alamar tarawa, L da A kuwa masu son maiƙo ne. Idan ya haɗu da tantani mai cajin ɗebewa sai ya naɗe kamar igiya, gefe guda ya manne, gefe guda ya nutse cikin maiƙon tantanin, har ya yage shi. Katangar wajen ƙwayar mutum ba ta da irin wannan caji sosai, don haka yakan wuce ta bai yi ɓarna mai yawa ba. Sai ya shiga ciki yake zama dafi.

Saura wanda zai shigar da shi gidan da ake so kaɗai. Wannan shi ne aikin da Michael Ellerby da Wadih Arap da Renata Pasqualini da Erkki Ruoslahti da abokansu suka wallafa a 1999 daga Cibiyar Burnham ta Kaliforniya. Ƙari ba ya girma sai ya janyo sababbin jijiyoyin jini da za su ciyar da shi, waɗannan jijiyoyi kuwa suna da wasu alamomi a jikinsu da tsofaffin jijiyoyi ba su cika nunawa ba. Masanan suka sami wani feftayid mai haruffa 5, CNGRC, wanda ke gane alamar ya manne mata, ƙwayar kuma ta haɗiye shi. Suka ɗaura shi a gaban mai haruffa 14 da mahaɗi mai haruffa 2, ya zama kalma guda mai haruffa 21: gaba jagora, baya dafi. Suka kuma ƙera dafin da amino asid na bai-bai, masu kama da na halitta kamar yadda hannun hagu ya yi kama da na dama, don kada sinadaran jini masu narkar da furotin su gane shi. Da aka yi wa ɓeraye masu ɗauke da dajin ɗan'adam allurarsa, ƙarinsu bai kai girman na sauran ba, sun kuma fi su daɗewa a raye.

Akwai wasu hanyoyi biyu da suka biyo baya. Ta farko ba ta yaga tantani, masu gadi take kamawa. A 2004 Loren Walensky da abokansa a Bostan suka ɗauki guntun furotin da jiki ke amfani da shi wajen ture BCL-2 da danginsa, suka sa masa wani maɗauri na sinadari don kada naɗinsa ya warware, suka nuna yana rage bunƙasar dajin jini a ɓeraye. Ta biyu daga Norwe ta fito. Masana a garin Tromso sun kwaikwayi wani yanki na furotin da ke cikin madarar shanu, suka ƙera feftayid mai haruffa 9 da ake kira LTX-315. Shi ba ya bukatar jagora, domin cikin ƙarin ake tsira allurar. Yana fasa murhun, abin da ya zubo kuma sai ya farkar da sojojin jiki su san akwai maƙiyi. An gwada shi a kan mutane, musamman masu dajin fata.

7.0 Inda Aka Kwana

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, haka kuma ba a ɗaukar abin da ya yi wa ɓera amfani a ce ya zama maganin mutum. Kowane magani sai ya bi matakai: kwanon gwaji, dabbobi, sa'an nan mutane kashi uku, aikin da kan ci fiye da shekara 10, kuma mafi yawan magungunan daji a hanya suke faɗuwa. A 2015 aka wallafa sakamakon gwajin wani mai jagora da dafi, BMTP-11, a Cibiyar MD Anderson ta jihar Teksas. Mutum 6 ne kacal, masu dajin furostet, watau ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, wanda ya riga ya kai ƙashi. An tabbatar maganin ya isa inda aka aike shi, amma ya taɓa ƙoda, abin da ya hana a ƙara yawansa. Dalili kuwa shi ne ƙoda ce ke tace ƙananan abubuwa irin wannan daga jini, ita ma kuma cike take da murhu.

Matsalolin ke nan a taƙaice. Feftayid ba ya daɗewa a jini. Jagora yakan yi ɓatan kai. Lafiyayyun ƙwayoyin zuciya da ƙoda su ma da murhu suke rayuwa. Sa'an nan ba a haɗiyarsa, domin ciki zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da tsire, shi ya sa sai ta allura. Har zuwa shekarar 2025 babu wani feftayid mai fasa murhu da hukumomin magunguna suka amince a riƙa ba masu ciwon daji.

Duk da haka tunanin bai faɗi ƙasa banza ba. Nazarin yadda guntun furotin ke kama masu gadi shi ya kai ga ƙera venetoclax, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2016 don wani nau'in dajin jini. Shi ba feftayid ba ne, ƙwayar haɗiya ce, amma aikin feftayid yake kwaikwayo, ya kuma tabbatar cewa ana iya cin daji ta murhu. A 2025 hukumar ta amince da elamipretide, mai haruffa 4, wanda ke zuwa murhu don ya gyara shi a wata cutar gado da ba ta da alaƙa da daji. Bugu da ƙari, akwai feftayid irin su goserelin da tuni ake yi wa masu dajin furostet allurarsa a asibitocin Nijeriya, ko da yake shi ta hanyar rage sinadarin mazakuta yake aiki.

8.0 Abin da Ya Shafi Ikara da Maƙarfi da Kudan

Ƙididdigar hukumar binciken daji ta duniya ta nuna cewa a 2022 an sami sababbin masu cutar wajen 128,000 a Nijeriya, wajen 80,000 kuma suka rasu. Dajin mama da na furostet da na bakin mahaifa su ne kan gaba. Yawan mace-macen nan ba rashin feftayid ya kawo shi ba. Babban dalili shi ne zuwa a makare, sai tsadar magani. Mu kuwa ba mu yi nisa da taimako ba. Akwai asibitocin gwamnati a Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi inda za a fara dubawa, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, mai sashe na musamman don masu wannan cuta, wanda yana cikin asibitoci 6 da Gwamnatin Tarayya ta fara gwada asusun tallafa wa masu daji a cikinsu.

Yanzu sai mu koma ga jimlarmu. Me ya sa mutane masu hankali suka yarda daji ba ya son ƙarfe? Domin abin da idonsu ya gani ke nan: an kai mara lafiya, an yi allura ko aiki, ta rasu. Abin da ido bai gani ba shi ne watannin da ƙwayoyin suka yi suna bin jini da hanyoyin kaluluwa kafin a je. Wadda aka cire wa ƙullutu tun yana kamar gujiya ta warke, ba ta cika faɗa ba, saboda kunya, don haka labarin masu mutuwa kaɗai ke yawo. Akwai kuma ɗan gaskiya a maganar, domin tsaga da sakiya da ake yi wa ƙari a gida sukan bar rauni mai ruɓewa. Sai dai an ɗauki laifin aska an ɗora wa allurar likita.

Wannan fahimta tana da farashi tun yau. A watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin ƙwayar cutar da ke haddasa dajin bakin mahaifa. Ga ƙarfe yana hana daji tun bai zo ba. Tabbatar da cutar ma sai an ɗebi tsoka da allura. In kuwa wata rana feftayid mai fasa murhu ya ci jarrabawa, ta allura zai zo. Har ila yau akwai haɗari na biyu. Duk sa'ad da labarin sabon magani ya fito, sai ka ji masu lasifika a kasuwa da masu talla a waya sun ari sunansa. Wanda ya san cewa feftayid ba ya tsira daga ciki, kuma ba a amince da mai fasa murhu ba tukuna, ba zai sayar da buhunan masararsa ya sayi garin da aka ce shi ne ba.

9.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala an ga cewa ƙwayar daji ƙwaya ce da ta ƙi mutuwa mai tsari, cewa makullin wannan mutuwa yana murhunta, kuma masana sun ƙera gajerun furotin masu jagora da dafi don su buɗe shi. An ga kuma cewa aikin yana matakin gwaji, bai zama abin da za a nema a kantin magani ba. Kalmomin da na yi amfani da su, ina miƙa su ga malamaina don gyara:

murhun ƙwaya, a madadin mitokondiriya;
mutuwa mai tsari, a madadin afoftosis;
gajeren furotin, a madadin feftayid;
jagora, ga ɓangaren da ke gane ƙari;
dafi, ga ɓangaren da ke fasa murhu.

Kalmar ƙwaya kanta tana bukatar a zauna a kanta, domin ta yi wa Hausa aiki da yawa: ƙwayar hatsi, ƙwayar magani, ƙwayar cuta, ƙwayar ido, ga kuma ƙwayar halitta. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya shirya a 1990 ya share mana hanya a fannin harshe da adabi. Fannin lafiya yana jiran irin wannan aiki, kuma ba na likitoci kaɗai ba ne. Ina ba da shawara sashenmu ya haɗa kai da makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi, a tattara sunayen da mutanen ƙauyukanmu ke kiran kumburi da ƙari da gyambo, a tantance su tare da ma'aikatan asibiti, sa'an nan a gwada sababbin kalmomin a bakin unguwarzoma da wanzamai a ga waɗanda suka zauna. Su ne mata ke fara nuna wa ƙullutu tun yana ƙarami, kuma abin da suka faɗa a ranar nan shi ake bi.